Sunansa a Shafi na Sha Ɗaya

Litinin, 4 ga wata, 6:40 na safe

Yau ma Auta bai fita ba. Matarsa ta kira ni tun ban gama haɗa shayi ba, ta ce ya yi wanka, ya sa kakinsa na direba a goge, har da hula, ya zauna a falo. Ba inda za shi. Ta ce in ta yi masa magana sai ya ce yana ji, amma ba ya motsi.

Shekara goma sha huɗu ƙanena yana tuƙa bas ɗin kamfanin nan, bai taɓa ko goge wa wani fenti ba. Takardar sallamar da suka ba shi layi uku ce.

Na sayi wannan littafin rubutu ne don in ba ni da inda zan zuba abin da ke raina, a wurin aiki zan zuba shi, kuma a ranar za a ba ni nawa layi ukun.

Litinin, 1:15 na rana

Mai Turare ya gaishe ni da safe kamar kullum. Ya tsaya a gaban teburin aro, ya ce Malama ya gida, ya yara. Ƙamshinsa ya riga shi isowa, ya kuma daɗe bayan ya wuce. Na ce lafiya. Shekara goma sha tara ina kan wannan tebur, na iya cewa lafiya da kowace irin fuska.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada nan gaba in fara yi wa kaina sassauci.

Shi ne mataimakin shugaban laburare. Shekara biyu da zuwansa, kuma shi ya kawo mana littattafan waya, waɗanda mai kati zai ara daga ɗakinsa ya karanta a waya ko kwamfuta. Wa'adin yarjejeniya da kamfanin da ke ba mu su ya kusa cika, sai kwamitin laburare ya ce a kawo masa shaida cewa mutane na amfani da su kafin a sabunta. Mai Turare ya danna maɓalli ɗaya, na'ura ta amayo masa komai: sunan mai aro, lambar kati, sunan littafi, ranar da ya ara, har shafin da ya tsaya. Shafi arba'in. Ya buga kofi shida, ya sa musu bango mai sheƙi, ya raba wa 'yan kwamiti shida.

Ɗaya daga cikin shidan shi ne Mai Motoci, mai kamfanin da Auta ke yi wa tuƙi.

A zamanin takarda, da an dawo da littafi nake yaga 'yar takardar aron a gaban mai ita. Na san wanda ya karanta me a garin nan fiye da yadda matansu suka sani, kuma ban taɓa faɗa wa ko maigidana ba.

Talata, 5 ga wata, 10:05 na safe

Sunan Auta a rahoton, shafi na sha ɗaya. Layi na shida zuwa na sha huɗu. Littafi tara, duk a kan abu ɗaya: ciwon ido.

Laraba, 6 ga wata, 7:30 na yamma

Na biya gidansu bayan an tashi. Ya cire kakin, alhamdu lillahi. Na kai masa 'ya'yan itace, ya ce Yaya kin ɗauka ina asibiti ne. Muka yi dariya kaɗan. Ya ba ni labarin yadda Mai Motoci ya kira shi ofis, ya buɗe rahoton a kan tebur, ya karanta masa sunayen littattafan ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran sunayen 'yan aji, sannan ya ce ya rufe ido ɗaya ya faɗa masa yatsu nawa ya ɗaga.

Ban tambaye shi abin da ya amsa ba.

Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa, ya ce, “Yaya, ke kika ce ba wanda zai gani.”

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Gaskiya ne, ni na ce. Ni na sa masa abin a waya da hannuna, na nuna masa yadda zai ƙara girman rubutu, na ce ai ya fi ya zo laburare a gan shi riƙe da bango.

Ɗazu ya zuba shayi a gefen kofi, ya zubo kan faranti. Kofin ƙarami ne. Kowa na iya yin haka.

Alhamis, 7 ga wata, 12:20 na rana

Na shiga wurin Shugaba. Ya sa na zauna, ya cire tabarau, ya ce abin ya dame shi ƙwarai, kuskure ne na yaro mai zumuɗi, za a karɓo kofunan rahoton a hankali. Na ce Yallaɓai, a karɓo su daga ina, daga cikin kan wanda ya riga ya karanta? Na ce mutum ya rasa aikinsa. Ya ce wata takwas ya rage masa ya yi ritaya, yana roƙona kada in tayar da ƙura a kan abin da ba zai dawo da aikin ba.

Sannan ya ce, “Kuma Malama, ke ma kin san teburin da takardar ta bi kafin ta isa kwamiti.”

Na tashi na fito. Wannan ba zan rubuta ba.

Juma'a, 8 ga wata, 3:50 na yamma

Wata ɗaliba ta zo tana kusan kuka, littafin da take shirin jarrabawa da shi ya ɓace daga wayarta da safe, sati biyunta sun cika. Ta ce a mayar mata. Na duba, mutum talatin da ɗaya ne a layi. Ta ce Anti, ai ba takarda ba ce, me zai hana a ba mu duka a tare? Na ce kamfanin kofi ɗaya ya yarda mana, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, kuma in an are shi sau ashirin da shida sai ya mutu, sai an sake nema. Ta ce littafi yana mutuwa? Na nuna mata ofishin Mai Turare, na ce ga mai amsar can.

Na takardar yana nan a da, kofi uku, a kanta ta huɗu daga taga. Su ne cikin waɗanda ya sa aka kwashe bara don a sa teburin cajin waya. Yanzu suna cikin kwali a ɗakin ajiya, gara na karatu.

Ina cikin wannan sai tsohuwar ungozoma ta kira, wadda gwiwa ta hana ta hawa matakalarmu shekara uku. Ta kira ne kawai ta ce in gode wa yaron nan mai ƙamshi, ta fara wani dogon labari, ba ta ji daɗi haka ba tun rasuwar mijinta. Na ce zan faɗa masa.

Ban faɗa masa ba.

Lahadi, 10 ga wata, 4:00 na yamma

Ina wanki ina tsara wa Mai Turare abubuwa a raina. In gan shi ɗauke da kwali yana sauka matakala, kowa na leƙe. In ga matarsa ta kira wani tana cewa ya yi wanka ya zauna a falo. In ji an karanta masa wani abu nasa a gaban mutane, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na murɗe rigar maigida har maɓalli ya fita.

Ba na son ya mutu. Ina so ya daɗe.

Litinin, 11 ga wata, 2:10 na rana

Mai Turare ya fita cin abinci ya bar kwamfutarsa a buɗe. Mutumin da ke yi mana lacca a kan kalmar sirri.

Minti ashirin da biyar na samu. Na zauna a kujerarsa. Na buga bayanan aron 'yan kwamiti biyar, su ne masu kati. Mai Motoci ba shi da kati. Mutumin da ke zaune a kwamitin laburare shekara shida bai taɓa aron littafi ba, abin da ya taɓa karantawa daga gare mu shafi na sha ɗaya ne.

Sannan na rubuta sunan Mai Turare. Na buga nasa ma.

Talata, 12 ga wata, 6:15 na safe

Na ce ba zan rubuta abin da ke ciki ba, amma wa zai gani.

Littafi ashirin da uku cikin wata goma sha ɗaya. Yaron da ya kai shekara huɗu bai fara magana ba. Yadda za a gane. Yadda za a koya masa kallon fuska. Abin da uba zai yi. Akwai wanda ya ara sau biyar, kullum yana tsayawa a babi ɗaya.

Bai taɓa cewa yana da ɗa ba. Na ɗauka mai irin wannan takalmi ba shi da abin da ke hana shi barci.

Na duba raina ko zan samu tausayi. Na duba sosai. Abin da na samu shi ne: to, ashe akwai inda za a taɓa.

Alhamis, 14 ga wata, 8:05 na yamma

Maigida ya ga ambulan ɗin a cikin jakata yana neman makullin mota. Shida ne, kowanne da suna a baya. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana juya ɗaya a hannu, ya ce wannan ba halina ba ne. Na ce to wane ne halina, in yi ta yaga takarda ina murmushi har a gama da danginmu ɗaya ɗaya? Ya ce a kai ƙara a rubuce, akwai hanya. Na ce na ga hanyar, tana da wata takwas ta yi ritaya.

Sai ya ce, a hankali, “Da ɗanmu ne yake hawa bas ɗin nan kullum, da kin so a sani ko kada a sani?”

Na kwashe kwanuka na tafi kicin. Ya ci abincinsa shi kaɗai.

Juma'a, 15 ga wata, 1:00 na rana

Ba wannan ce maganar ba. Ba wannan ce maganar ba ko kaɗan.

Asabar, 16 ga wata, 5:40 na yamma

Auta ya zo da kansa, a motar haya. Muka zauna a baranda. Ya ce akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Watan jiya a mahaɗar kasuwa wata mata ta buga gefen bas ɗin da tafin hannu, ta hagu, goye da jariri. Bai gan ta ba sai da ya ji bugun. Ya ce tun ranar yake tashi da niyyar zuwa ya faɗa wa Mai Motoci, kullum sai ya ce gobe.

Ya ce, “Wataƙila gara da aka yi haka, Yaya.”

Na ce ya yi mini shiru. Na ce da zai faɗa da bakinsa, a ranar da ya zaɓa, ya fita da mutuncinsa, a ba shi aikin ofis ko na gareji kamar yadda aka ba wasu. Ba a tsayar da shi kamar ɗan firamare a ce ya ƙirga yatsu ba. Ya ce haka ne. Ya ce da zai faɗa.

Ni da shi mun san nauyin wannan “da” ɗin.

Yanzu har sun sa shi yana gode musu. Wannan ya fi komai ƙona ni.

Talata, 19 ga wata, 7:00 na safe

Yau kwamiti zai zauna, ƙarfe sha ɗaya. Na liƙe biyar. Na shida na bar shi a buɗe.

Talata, 6:30 na yamma

An gama.

Na shiga suna tsakiyar magana. Mai Turare na tsaye gaban allo yana nuna musu layin da ya hau sama. Na ce a gafarce ni, minti biyu nake roƙo. Shugaba ya yi tsuru-tsuru. Na bi su ɗaya ɗaya na ajiye wa kowa ambulan ɗinsa, na ce kowa ya buɗe nasa kaɗai, abin da laburare ya sani ne game da shi.

Shugabar kwamiti, tsohuwar alƙaliya, ta karanta nata har ƙasa, ta ninke shi huɗu, ta sa a jaka ta zuge. Wani ya kife nasa ya ɗora hannu a kai. Wani ya tambaya waye kuma ya ga wannan. Na ce ni, da duk wanda ya samu kwamfuta a buɗe, da kamfanin da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Na ce irinsa kuka riƙe na mutum ɗari uku da wani abu a gidajenku, mai bango mai sheƙi, kuma ɗaya daga cikinsu ya riga ya rasa aikinsa.

Da a nan na tsaya, da ko maigida ba zai ce komai ba.

Na ciro na shida na ajiye a tsakiyar tebur, bakinsa a buɗe. Na ce wannan na wanda ya haɗa rahoton ne, tunda shi bai ga laifin a gani ba.

Ba wanda ya taɓa. Na ga hannun alƙaliya ya motsa za ta ja shi gefe, amma Mai Motoci ya riga ta. Shi kaɗai ne ba shi da abin karantawa, ga shi ya saba. Ya zaro takardar ya karanta biyu a fili, yana 'yar dariya, ya ce ashe kai ma. A na uku muryarsa ta rage. Bai kai na huɗu ba.

Mai Turare ya ajiye abin nunin da ke hannunsa a kan tebur. Ya kalle ni. Na jira ya faɗi teburin da takardar ta bi, na shirya. Bai faɗa ba. Ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Laraba, 20 ga wata, 6:20 na safe

To bari in rubuta.

Sa hannuna ne a ƙasan shafin farko na rahoton. Duk abin da ya shafi masu aro sai ya bi ta teburina. Ya kawo mini shi ranar wata Alhamis dab da tashi, ya ce Malama ki duba mini ko akwai abin da bai dace ba, ke kika san mutanen. Na sa hannu na miƙa masa ban buɗe ba. Ina taƙama a lokacin cewa ba na karanta komai nasa.

Shi ke nan. Na rubuta. Bai canza komai ba, shi ya danna maɓallin.

Juma'a, 22 ga wata, 2:45 na rana

Hukunci ya fito. An dakatar da aron littattafan waya wata uku, sai kamfanin ya amsa tambayoyin alƙaliya. An mayar da Mai Turare ƙaramin reshenmu na bayan gari, inda rufi ke yoyo. Ni an ba ni takardar gargaɗi, Shugaba ya miƙo mini yana kallon taga. Mai Motoci yana nan a kujerarsa. Auta yana nan a falonsa.

Ungozoma ta kira. Labarin ya ɓace mata a babi na tara, ta ɗauka ita ta danna wani abu. Na ce ba ita ba ce. Ta ce ko zan haɗa ta da yaron nan ya gyara mata. Na ce ba ya nan. Na ce zan duba ko muna da na takarda, na san ba mu da shi.

Abin da na so na samu. Na gan shi. Na so, na samu.

Litinin, 25 ga wata, 4:20 na yamma

Ya zo kwashe kayansa. Kwali ɗaya ne. Bai sa turare ba, har ban san ya iso ba sai da na ɗaga kai.

Ya ajiye mini 'yar takarda, kalmar sirrin ce. Shugaba ya ce ni zan riƙe, ni zan goge bayanan masu aro kafin Juma'a, tunda ni na fi kowa sanin muhimmancin abin. Ya nuna mini inda ake dannawa, sau biyu, a natse, kamar yadda yake koya wa tsofaffi.

Sannan ya ce matarsa ba ta san yana karanta su ba. Ita ta tsaya a kan cewa yaron lafiyarsa ƙalau, jinkiri ne kawai, shi kuma yana neman ranar da zai iya zama da ita. Yanzu ta ji a bakin maƙwabciya. Ta ɗauki yaron ta tafi gidan iyayenta tun Alhamis.

Ya ce, “Na so in je in ba ƙanenki haƙuri, na rasa da wace fuska. Amma Malama, ni kuskure na yi. Ke zama kika yi kika shirya.”

Na ce, “Haka ne.”

Ya tsaya kamar yana jiran saura. Ba saura. Ya ɗauki kwalinsa ya sauka matakala, ba wanda ya leƙa sai ni.

Talata, 26 ga wata, 11:35 na safe

Ina zaune a kujerarsa. Sunayen duk masu kati ne a gabana, dubu biyu da 'yan kai, danna biyu za su tafi duka. Na fara sauka a jerin ne kawai don in tabbatar komai na nan kafin in goge, haka na gaya wa kaina.

Mai Motoci ba shi da kati. 'Yarsa tana da shi, babbar, wadda aka sa wa rana. Littafi goma sha bakwai, in ji lambar da ke gefen sunanta.

Ba ta yi mini komai ba. Tana gaishe ni har da rusunawa.

Ban buɗe ba. Ban kuma goge ba. Sai Juma'a aka ce.